Shin sukar gwamnati a rediyo ko a Facebook laifi ne a doka?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum. Ina roƙon masana su fahimtar da ni. A duk lokacin da siyasa ta yi zafi, sai mu riƙa jin an gayyaci matasa ofishin 'yan sanda saboda abin da suka rubuta, alhali wasunsu kuka kawai suka yi kan halin da mutanen Isa da Sabon Birni a nan jihar Sakkwato ke ciki a hannun 'yan bindiga. Wace doka ce ta hana wannan, kuma a ina iyakar 'yancin magana take?

Malami daga Arkilla: Wa alaikumus salam. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, sashe na 22 kuma ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati. Abin da aka fi kama mutane da shi shi ne sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda a da ya haramta saƙon da zai ɓata wa wani rai ko ya muzanta shi, ma'aunin da kowane mai mulki zai iya ja yadda ya so. An yi wa sashen gyara a 2024, amma gyaran takarda bai sauya halin masu kamen ba.

Tsohon ɗan jarida, Gawon Nama: Ɗana, kamu shi ne ɓangaren da ido ke gani. Mun ga dokar soja ta 4 ta 1984, wadda aka ɗaure 'yan jarida Tunde Thompson da Nduka Irabor da ita, amma abin da ya fi damuna a yau shi ne wanda ake yi ba tare da sanda ba. Gidan rediyo mai zaman kansa yana rayuwa ne da talla, kuma a jihohinmu gwamnati da 'yan siyasa ne manyan masu talla. Edita zai karanta rahoto, ya san gaskiya ne, ya tuna albashin ma'aikata da kuɗin man janareta, sannan ya tura takardar cikin aljihun tebur ba tare da kowa ya buga masa waya ba. A maƙwabciyarmu Zamfara kuwa, a Oktoban 2022, fili aka fito aka ba da umarnin rufe tashoshi, har da NTA, saboda sun ɗauki taron PDP. Kada wani ya ɗauka halin jam'iyya ɗaya ne. Wanda ya yi kuka yana adawa, da ya hau kujera yakan ɗauki bulalar da aka dake shi da ita.

Hajiya daga Runjin Sambo: Baba, na yarda da kai, amma a faɗi laifin sojojin baka. Ana sayen fili a rediyo a ci mutuncin mutum har da iyayensa, a kuma ba yara kuɗin data su yaɗa ƙage. Wannan ba aikin jarida ba ne, kuma shi ke ba masu mulki hujjar murƙushe kowa.

Malami daga Arkilla: Gaskiya ne, Hajiya, sai dai wanda aka ɓata wa suna yana da kotu, inda zai nemi diyya, a kuma nemi mai zargin ya kawo hujja. Matsalar ita ce talaka ne ake ce wa ya tafi kotu, shi kuwa mai mulki motar 'yan sanda yake aikawa.