Bindiga ta biyu: ta yawo zan saya, ko wadda za ta zauna a gida?

Baban Hanifa, Houston:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Shekara biyu ke nan ina da bindigar hannu ƙirar Glock 19, kuma ina da lasisin ɗaukar bindiga na jihar Texas. Ina da ɗan shago, sai sha ɗayan dare nake rufewa in taho da cinikin ranar. To ga inda gizo ke saƙar: in na fita da ita, gida ba komai, ga uwargida da yara uku, babban shekararsa tara, ƙaramar uku. In na bar musu ita, ni ne hannu rabbana a titi. Ga ta da nauyi, in an cika ta da harsasanta 15 takan haura giram 800, kuma a zafin Houston riga ɗaya mutum ke sawa, sai ka ga gindinta ya turo rigar. Ranar Juma'a kuwa da jallabiya ban ma san inda zan ɗaura ta ba. Dala 700 na ware. In sayi ƙarama irin Sig P365 ko Glock 43X ta yawo, ko in ci gaba da ɗaukar wannan in sayo Glock 17 in ajiye a gida?

Ɗan Zazzau, Dallas:
Wa alaikumus salam. Ka bar 19 ɗin a gida, aikin da ta fi dacewa da shi ke nan, sayen 17 maimai ne kawai. Ni P365 nake ɗauka, harsashi 10 take ci, nauyinta wajen rabin kilo in babu harsashi, har mantawa nake tana ƙuguna. Amma kada mai shago ya ruɗe ka: ƙaramar bindiga ta fi wuyar harbi. Harsashin dai 9mm ne iri ɗaya, jikin da zai shanye ƙarfinsa ne ya ragu, don haka fizgar a hannunka take ƙarewa. Ranar farko harsashi hamsin na harba, tafin hannuna ya yi jawur, rabinsu kuma ƙasa da hagu suka tafi.

Tunda hannunka ya saba da kunamar Glock, 43X za ta fi maka sauƙin sabo, ita ma 10 take ci. Sai dai gidan harsashin 19 ba ya shiga cikinta. Glock 26 ce ke karɓarsa, ita kuma kauri gare ta kamar yayarta. A cikin 700 ɗin nan ka cire kuɗin kube mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, da bel mai ƙarfi. Kada ka kuskura ka soke ta haka nan a wando.

Maman Sadiƙ:
Baban Hanifa, ka yi haƙuri da tambayata. Duk bayanin nan ban ji inda ka ce ka tambayi Maman Hanifa ba. Ita ce za ta riƙe bindigar nan ƙarfe sha ɗayan dare, kana can shago. Ta taɓa harbawa? Tana iya ɗana ta?

Abin da ya sa na tambaya, ni ya faru da ni. Maigidana ya yi shekara guda yana bar min tasa in zai yi tafiya, hankalinsa kwance. Ranar da ya ce in gwada ja mata baya a gabansa, wallahi da hannu biyu na kasa, har farcena ya karye. Ashe shekara guda ƙarfe kawai nake gadi. Da muka je filin koyon harbi muka yi hayar guda huɗu, Shield EZ ta Smith & Wesson ce ta zauna min, don an yi ta ne musamman saboda masu ƙarancin ƙarfin hannu. Harsashi 8 kacal take ci, amma takwas ɗin da zan iya harbawa sun fi min sha biyar ɗin da ba zan iya ba. Wata matar kuma 19 ɗin ce za ta fi mata daɗi in an nuna mata dabarar ɗanawa, don babba ba ta fizga sosai. Sai an gwada ake sani.

Sannan yara. Kada ka ce saman wardrob, Sadiƙ yana ɗan shekara shida ya jawo kujera ya zaƙulo kayan Sallar da na ɓoye a can. Ka fara sayen akwatin ƙarfe mai lambobin sirri, wanda ake ɗaure shi da kusa a jikin gado ko bango. A Texas laifi ne ka yi sakaci yaro ɗan ƙasa da shekara 17 ya kai hannu ga bindiga mai harsashi.

Alhaji Kawu, Bronx:
Hajiya ta gama magana. Ni ta fannin doka zan ƙara. Ɗana, wace takarda iyalinka ke da ita? Mai katin zama na dindindin yana iya mallakar bindiga, amma wanda ke kan bizar ziyara ko ta karatu dokar tarayya ta hana shi, sai a 'yan wasu yanayi kamar mai lasisin farauta. Ajiye masa ita a hannu ma matsala ce.

Kuma kada sauƙin Texas ya shagaltar da kai. Ku can tun Satumban 2021 ɗan shekara 21 ke yawo da ita ko ba lasisi. Nan New York lasisinka ba ya aiki sam, gidan harsashi mai cin fiye da 10 kuma haramun ne. Ka taho biki da 19 ɗinka a mota, ka sayi ɗauri da kuɗinka. Haka in za ka gida: jakar da kake zuwa filin harbi da ita kada ta bi ka filin jirgi, harsashi ɗaya da ya maƙale a aljihunta ya isa ya ɓata maka tafiya. Najeriya tun dokar makamai ta 1959 ba a ɗaukar bindigar hannu da wasa.

Na ƙarshe, mu baƙaƙe ne. Philando Castile yana da lasisi, ya ma faɗa wa ɗan sandan yana ɗauke da bindiga, aka harbe shi a cikin motarsa a Minnesota a 2016. In an tsayar da kai, hannu biyu kan sitiyari, ka yi bayani da baki, kada ka miƙa hannu ko'ina sai an ce ka miƙa.

Malam Na-Allah:
Ni dai ban ga ta biyun ba. Bangon gidajen nan allo ne, harsashi ratsa shi yake, kuma ɗakin yaranka ne a bayansa. Da ni ne, 700 ɗin ƙofa zan ƙarfafa, in sa fitilar waje da kyamara, ragowar ku biya kuɗin horo ku biyu. Cinikin kuma ka daina kwasowa gida da dare.

Ɗan Zazzau, Dallas:
Malam, kyamara hoton ɓarawo take ɗauka, ba ta tare shi. Amma maganar cinikin gaskiya ce. Batun jallabiya, akwai ɗamarar roba da ake ɗaurawa a ciki, sai dai zaro bindigar aiki ne. Ka kuma duba ƙofar masallacinku, in an manna sanarwar dokar Texas da ake kira 30.06 ba a shiga da ita a ɓoye ko da lasisi.

Baban Hanifa, Houston:
Allah ya saka da alheri. Kawu, tana da katin zama tun bara, alhamdulillahi. Hajiya, kin kama ni. Jiya bayan yara sun yi barci na zare gidan harsashin, na duba cikinta sau biyu, na miƙa mata. Ta ja ta kai rabi ta saki. Sai ta ce ai tun da na saya ba ta taɓa yarda za ta iya harbin mutum ba, ni ne ban tambaya ba. Amma ta ce za ta je ta gwada, in malamar mace ce. Akwatin ƙarfe na yi odarsa da safen nan, dala 700 ta ragu. Asabar za mu je filin harbi mu yi hayar 43X da P365 da EZ ɗin. In akwai wadda ta san mace mai koyar da harbi a kudu maso yammacin Houston, don Allah ta turo min ta akwatin saƙo.