Shawarwarin da aka ba ƙannenmu likitoci a Nima

Ranar Asabar bayan La'asar mun zauna a wani gida a unguwar Nima da ke Ankara, babban birnin Gana, likitoci uku da matasa masu son fita waje aiki. Ga abin da na tsinta.

Duk bakinsu ɗaya: kada ka tafi sai ka gama aikin horo na shekara 2 a asibiti, kuma Majalisar Likitoci ta Gana ta ba ka cikakken lasisi. Wanda ya yi karatu a Rasha ko Sin ma sai ya ci jarrabawar majalisar tukuna.

An fi daɗewa kan Ingila. Hukumar GMC, wato majalisar likitocin ƙasar, ita ce ke yi wa likitoci rajista. Za ka kawo sakamakon Turanci, maki 7.5 a jarrabawar IELTS ko kuma shaidar cin jarrabawar OET, sannan PLAB, jarrabawar gwada ilimin likitocin da suka yi karatu a waje, kashi biyu, na biyun a Mancesta ake yinsa. Babbar yaya a cikinsu ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Ƙanena, lasisi daban, aiki daban." Ta ga waɗanda suka ci jarrabawa suka zauna watanni suna neman gurbi, kuɗin haya na cin su. Wannan ya taɓa ni, domin galibi dangi ne ke haɗa kuɗin.

Amurka sai USMLE, jarrabawar lasisin likitoci ta ƙasar, da sake horo daga tushe. Jamus kuwa, koyi harshen kafin ka sayi tikiti.