Tambaya kan tsofaffin gidajen matsar tuffa a karkarar Turai

Ɗalibar Gine-gine:
Assalamu alaikum. Ina nazarin gine-ginen karkara, kuma na lura cewa hukumomin adana kayan tarihi a Sifaniya da Ingila suna kashe kuɗi wajen gyara tsofaffin gidajen da manoma ke matse tuffa domin yin giya. Ina roƙon masana su bayyana mini abin da ya bambanta waɗannan gidaje da sauran ɗakunan ajiya na gona, har suka cancanci irin wannan kulawa.

Malam Magini:
Wa alaikumus salam, Malama. Amsar ta fi fitowa fili a yankin Basque na arewacin Sifaniya, inda a ƙarni na 16 ake fara kafa abin matsar, sannan a ɗora gidan a kansa. Gidan Igartubeiti da ke Ezkio-Itsaso a lardin Gipuzkoa shi ne misalin da aka fi sani. An gina shi da katakon oak, kuma ginshiƙan da ke riƙe da babban gungumen matsa su ne kuma suke ɗauke da rufin, ta yadda wanda ya cire na'urar ya raunana ginin gaba ɗaya. Ana zuba dakakkiyar tuffa a bene, a rataya wa gungumen dutse mai nauyi daga ƙasa, ruwan ya gangaro cikin ganguna, alhali iyali da dabbobinsu suna zaune a ƙasan gidan. Masu jiragen ruwan Basque da ke zuwa farautar kifin whale har Newfoundland da ke gabashin Kanada a yau suna sayen abin shan da yawa, shi ya sa manomi ya yarda ya ba na'urar tsakiyar gidansa. A yau gidan ya zama gidan tarihi, kuma duk watan Oktoba ana tayar da na'urar domin masu ziyara su gani.

Baba Na-Kudu:
Bayanin Malam ya gamsar, sai dai a Herefordshire ta Ingila tsarin ya sha bamban, domin a can ɗaki ne daban a gefen gona. A tsakiyarsa akwai kwarin dutse mai da'ira, doki yana zagayawa yana jan dutsen niƙa, kusan yadda ake sa doki ya juya injin matse rake wajen yin mazarƙwaila. Faɗin ɗakin kansa ya dogara ne da zagayen dokin. Manoma sun daɗe suna biyan wani ɓangare na ladan leburori da wannan abin sha, har wata doka ta shekarar 1887 ta hana, kuma a shekarar ne Percy Bulmer, wanda ya kafa kamfanin giyar tuffa na Bulmers, ya fara sana'arsa a yankin. Da masana'antu suka karɓe aikin, duwatsun da yawa suka koma adon lambu.

Hajiya Mai Nazari:
'Yata, ki riƙe wani abu guda. Abin da ake yi a cikinsu ba halal ba ne a wurinmu, amma aikin kafintan da ya haɗa katako da katako da turakun itace ilmi ne da ɗalibin gini ke buƙata. Ni dai ban cika yarda da mayar da irin waɗannan ɗakuna masaukin 'yan yawon buɗe ido ba, domin da zarar an fitar da dutsen an gina bango an raba ɗakin gida-gida, ba wanda zai sake gane dalilin faɗinsa.

Ɗalibar Gine-gine:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Malam Magini, shin gyaran da aka yi wa Igartubeiti ya bar ainihin katakon farko, ko an sauya wasu ginshiƙan?