Akun Inna Ige ya tsere: yanke fiffike na hana tsuntsu gudu?

Inna Ige, Runjin Sambo: Salamu alaikum jama'a. Don Allah a taya ni cigiya. Akuna ya tsere jiya Alhamis bayan la'asar, mai ruwan toka da jan wutsiya, shekara 11 shina hannuna. Mai ruwa yaz zo, yaro ya bar ƙofar falo buɗe, sai munka ji fir! Ya sauka bisa itacen dogon yaro na maƙwabta, kafin a kawo tsani iska ta kwashe shi. Abin da ya ɗaure min kai, an yanke mai fiffike tun ƙaramar salla.

Kawu Bello, Mabera: Allah shi bayyana shi, Inna. Amma gaskiya ɗaya ta: wanda yay yi yankan bai iya ba. Tsuntsun da anka yanke wa fiffike da kyau ba shi zuwa ko'ina. Shekara 30 ina kiwon tattabaru. In na sawo sabbi, fiffike guda nike figewa tas, in bar su tsakar gida da gero da ruwa. Kafin gashin shi fito sun saba, sun yi ƙwai, ko da sanda ka kore su sai sun dawo.

Nasiru, Arkilla: Kawu, da girmanka, wannan ai azabtarwa ce. Allah Ya yi shi da fikafikai don ya tashi, mu kuma mu sa almakashi don jin daɗinmu? Ni ina ganin ajiye tsuntsu a keji ma haramun ne, balle yanke masa fiffike.

Malam Sani, Gidan Igwai: Nasiru, a dinga sassautawa da kalmar haramun. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, har Annabi (SAW) yakan tambaye shi labarin tsuntsun. Ibn Hajar, a sharhin hadisin, ya kawo cewa malamai sun ciro halascin tsare tsuntsu a keji da rage masa fiffike daga nan. Amma kada a manta da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. To halas ne, da sharaɗin ci da sha da rashin cutarwa. Ko figewar Kawu cutarwa ce, wannan Likita za ta faɗa mana, ba ni ba.

Nasiru: Allah ya gafarta Malam, na janye haramun. Zaluncin dai ban janye ba.

Likita Hadiza: Inna, sannu da wannan tashin hankali. Bari in fara da naki, don ba laifin mai yanka ba ne lalle. Kowane fiffike na aku yana da dogayen gashi 10 a bakinsa, su ne ke tura shi gaba. Su ake rage wa tsawo, yawanci 4 zuwa 6 na waje. Gashin da ya gama girma kamar farce yake, ba jini ba jijiya, yankansa ba ya zafi. Sai dai ba ya zama a yanke har abada: tsuntsu yana zubar da tsohon gashi ya fitar da sabo, kuma ba rana ɗaya ba, ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙaramar salla zuwa wannan hunturu wata nawa ke nan? Gashi biyu ko uku kawai suka dawo a kowane gefe, ga tsoro, ga iskar nan da ke kaɗawa tun safe, ai ya isa ya haye katanga. Na sha ganin haka. Kuma kusan duk mai zuwa cigiya maganarsa ɗaya: ai a yanke yake. Yankan ne ma ke sa mutum ya saki jiki ya daina kula da ƙofa.

Kawu Bello: To kin ji, Likita, kin dawo kan maganata. Shi ya sa nac ce a fige, kuma gefe guda. In ya yunƙura sai shi karkace shi faɗo.

Likita Hadiza: Kawu, wannan faɗowar ita ce matsalar. Tattabararka a ƙasar tsakar gida take yawo, ba ta hawa ko'ina. Aku kuwa da baki da ƙafa yake hawa labule har saman ƙofa, ga nauyin jiki, yakan kai kusan rabin kilo. In ya faɗo a karkace kan tayil ko siminti, ƙashin ƙirji ne ke fara dukan ƙasa, fatar wurin ta tsage, kuma ciwo ne mai wuyar warkewa. Shi ya sa in za a yanke, fikafikan biyu ake ragewa daidai, yadda zai sauko a hankali kamar ganye. Figewa kuma tana da zafi, don daga cikin nama ake tumɓuke gashin, kuma cikin 'yan makonni sabo ke tsirowa. Wannan sabon tsiron akwai jini a kararsa, za ka gan ta baƙi-baƙi ko shuɗi. Almakashi ya taɓa ta, jini ne zai yi ta zuba, ƙaramin tsuntsu kamar kanari bai da jinin da zai yi asara. Wanda hakan ta same shi ya danna garin masara a wurin, ya nemi likitan dabbobi. Muna da asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a nan Sakkwato, ba sai an je nesa ba.

Abu na biyu, ba figewa ce ta zaunar da tattabarunka ba. Tattabara tsuntsuwar gida ce, in ta yi miji ta yi ƙwai biyunta ta kwanta kwana 17 zuwa 19, ta kafu ke nan. Aku bai san hanyar gida daga sama ba, bai taɓa ganin rufin ɗakin Inna ba.

Dikko, Gawon Nama: Ni fa ina bayan Kawu, ko da rabi ne. Ina da tsirya, na ƙi yanke mata saboda tausayi irin na Nasiru. Watan Afrilu, zafin nan da ya wuce digiri 40, an ɗauke wuta tun safe na sake ta tana shawagi a falo. Ashe makunnin fanka a kunne yake. Wuta na dawowa ta firgita ta yi sama. Ƙara ɗaya na ji, sai koren gashi yana saukowa kan kafet. Da a yanke take da yanzu tana nan. Wa zai ce min in kashe fanka a Sakkwato?

Nasiru: Yaya Dikko, Allah ya mayar da alheri. Amma da a yanke take, da mussar maƙwabta ta cinye ta a tsakar gida. Wanda ba ya tashi da me zai tsere wa mussa ko shirwa?

Dikko: Mussa ba ta shiga falona.

Likita Hadiza: Dikko ya faɗi gaskiyar da ba zan musa ba. Gidan da fanka ke juyawa dare da rana, yara na shige da fice, ga tukunyar miya a buɗe, rage fiffike kaɗan yakan fi zama alheri. Ban ce kada a yanke ba. Na ce kada a ɗauka an gama. A duba fiffiken duk wata, a sa waya a taga, a rataya labule mai nauyi a ƙofa, keji kuma a sa masa ɗan kwaɗo, don aku yana buɗe sakata da baki. Ɗan tsako kuma a bar shi ya koyi tashi da sauka tukuna.

Nasiru: Ni abin da ke damuna ma, akun nan ba ɗan ƙasar Hausa ba ne, daga kurmin kudu da Kamaru da Kongo ake kamo shi. Tun 2016 yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin namun daji a duniya, ta hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe saboda ya kusa ƙarewa.

Inna Ige: Nasiru ɗana, marigayi Alhaji yak kawo min shi, kuma har gobe da muryarshi yake sallama. Wa'azin ka bari sai an gane shi.

Nasiru: Ki yi haƙuri, Inna. Allah ya jiƙan Baba.

Dikko: Jama'a, yanzu ƙanena ke ce min da asuba sun ji ana ta rangaɗa sallama daga saman wata bishiyar mangwaro ta wajen unguwarku, Inna, sun leƙa ba kowa.

Likita Hadiza: Shi ne, in sha Allahu! Inna, ki je da kanki, muryarki ya sani. A kai kejinsa gindin bishiyar da gyaɗa da ruwa, a bar ƙofar a buɗe. Kada yara su taru, kada a yi jifa, kada a zura gora. Bai iya saukowa daga sama ba, sai ki ɗan ja baya inda zai hango ki ya gangaro a kwance. In bai sauko ba yanzu, a koma gab da magariba, yunwa za ta taimaka.

Inna Ige: Ga ni nan na ɗauki mayafi.

Kawu Bello: In an kama shi a kira ni, in zo da almakashina in gwada muku yadda aka yi.

Inna Ige: Bello, bar almakashin gida. Ka zo da wayar taga da ƙusa.