Ƙanena gurgu na, ina son ya bar bara, wace sana'a za ni kama mishi?

Ɗan Gidan Igwai:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nike nema. Ina da ƙane, shekarunai 24, shan inna ta kama shi tun shina ɗan shekara ukku, ƙafafu duka biyun, da keken guragu shike yawo irin wanga da ake tuƙawa da hannu. Shekara shidda kenan kullum in gari ya waye sai ya tai bakin danja, ran Juma'a kuma masallacin Sultan Bello nan Sakkwato, bara dai. Ni kabu-kabu nike yi, wallahi in na ɗauko fasinja na biyo ta wurin sai in kau da kai kamar ban san shi ba, kuma abin na cina. To adashena ya fito, dubu 180 ke hannuna kuma na yi niyyar in kahwa mishi wani abu. Tunanina ukku, ko POS ko cajin waya ko ɗan teburin tireda ƙofar gida. Matsala ɗaya Innarmu ba ta so, wai abin da shike kawowa da marece da shi ake cefane. Wanda ya san kan abin ya taimaka.

Mai caji, Mabera:
Wa alaikumus salam yaya. Ni ma gurgu na, kuma na yi bara shekara tara kahin in bari, don haka bari in gaya maka abin da mai ƙafa ba shi gani.

Kahin komi, shi ka tambaye shi? Na karanta rubutunka sau biyu, na ji abin da kake so, na ji abin da Inna ke so, ban ji nashi ba. Haka anka yi min da hwarko, kawuna ya siyo min sabulu da omo da ashana ya aje min tebur ba tare da an ce min uffan ba, wata biyu tebur ya koma wayam, rabi bashi rabi ƴan gida sun ɗauka "za a biya". Wa za ka bi bashi kana bisa keke? Wanda ka bi sai ya canza hanya, ya bi lungun da kwata ta yanke.

Na biyu, kada ka raina maganar Inna. Bara kuɗinta kullum na, da marece akwai abin sa wa tukunya. Duk sana'ar da sai bayan wata ukku ta fara kawowa to ka tabbata ran da tukunya ta kwana ba wuta da kanshi za shi koma danja, ko Inna ta maishe shi. In da gaske kake, cire wani abu cikin dubu 180 ɗin ka aje na cefanen makonnin hwarko, kada ka zuba duka ga kaya.

Caji shi ya riƙe ni. Faranti biyu na sola, batir, inbata ƙarama da allon soket, sai ƴan katuttuka masu lamba, in mutum ya kawo waya in manna ɗaya bayanta in ba shi ɗaya, ba kati ba waya ko ɗan gidanmu na. Rana ba mu rasa ta ba garin ga, ita ce jarin da Allah ya ba mu kyauta. Na haɗa da saida kati da data da waya ta caji da iyafis. Amma batir shi ne mugun, na taɓa siyen na hannu don arha, wata huɗu ya mutu.

POS kam ban ba ka shawara ba yanzu. Tun wahalar canjin kuɗi ta hwarkon 2023 kowa ya buɗe, lungu ɗaya sai ka ga lema huɗu. Kuma sai da tsabar kuɗi hannu kullum, wa za shi riƙa zuwa ɗauko mishi? Ni bankin da nike hulɗa da shi matakala biyar ke bakin ƙofa ga ƙofar nan mai kama da akwati, sai dai in tsaya waje cikin rana in roƙi mai gadi ya kira min wani. Ga masu alat na ƙarya.

Maman Ikram:
Mai caji ya gama magana. Ni ina koya wa mata ɗinki da saƙa gida, cikinsu akwai kurame biyu da wata mai lalurar ƙafa. Abin da ke ba ni haushi da irin rabon kayan tallafin nan, an taɓa kiran ɗalibata taro, anka yi hoto anka yi jawabi, anka miƙa mata keken ɗinki na takawa da ƙafa. Yarinyar da ko tsayuwa ba ta yi! Kwana goma mijinta ya kai shi kasuwa. Sai a zo ana cewa ai su ba a iya musu, sun saida. Da an tambaye ta da na hannu za ta ce, ko a sa mata injin lantarki jikin keken.

Ɗan Gidan Igwai ka buɗe mishi asusu da sunanshi, NIN nashi BVN nashi, lambar sirri shi kaɗai ya sani, har kai kada ka sani. Ba don ban yarda da kai ba ƙanena, amma kuɗin naƙasasshe gidanmu na Hausa kamar rijiyar bakin hanya ce kowa zura guga shike yi. Kuma ka leƙa Hukumar Zakka da Wakafi ta jiha, suna ba da jari da kayan sana'a kuma suna da kwamitoci a gundumomi, ka fara tambaya wajen hakiminku. In Allah ya sa an dace sai ku ƙara bisa naku.

Abu Hanif:
Ya yi makaranta? Na tambaya ne saboda akwai doka, ba alfarma ba ce. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya ta 2018, Buhari ya sa mata hannu a Janairun 2019, ta ce ma'aikatun gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki gare su, an kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Har gine-ginen da jama'a ke shiga an ba su shekara biyar su gyara hanyar keken guragu, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Matakalar da mai caji ke faɗi ta isa ta nuna maka inda aka kwana. Amma dai in yana da takardar sakandare kada a bar ta cikin akwati.

Gaskiya Ɗaci:
Ku dai faɗi gaskiya, mai bara wuri mai kyau ya fi wani ma'aikacin samu. Ku bar yaro ya ci rabonshi. Zamanin gwamna Wamakko ba har albashi anka yanka wa naƙasassu ba, 6,500 duk wata, sun bari?

Mai caji, Mabera:
Malam Gaskiya Ɗaci, na karɓi 6,500 ɗin nan da hannuna kuma ta yi rana lokacinta, Allah ya saka. Amma ita ba jari ba ce, ta hura da magani ce. Kuma eh akwai ranar da bara ta fi caji kawowa, musamman azumi da Juma'a, ban musu ba. Sai dai shekara tara ina yi ko tayar keke ban taɓa canzawa da ajiyata ba, kuɗin da sunka zo haka nan haka nan suke tahiya. Kuma lokacin da na nemi aure tambayar hwarko da baban yarinyar ya yi ita ce mi shike yi, ba wanda ya iya buɗe baki cikin waɗanda na tura. Yanzu ɗiyana biyu, mutane na ce min mai caji, da can sunana "gurgun nan na bakin danja".

Ɗan Gidan Igwai:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Abu Hanif, firamare kawai ya gama. Jiya bayan isha'i na zauna da shi kamar yadda kunka ce, wallahi kunya ta kama ni. Ashe duk ukkun ba wanda shike so. Gyaran waya shike so, wai ya daɗe shina kallon bidiyon gyara YouTube, har ya jawo wata leda ƙarƙashin katihwa cike da matattun wayoyi da ya tsinta, ya nuna min guda da ya canza wa bakin caji da kanshi da wani tsohon ƙarhen soda. Ɗaki ɗaya muke kwana ban sani ba.

Mun yi da Inna zan riƙa ba ta na cefane har wata ukku, ta yarda da ƙyar, ta ce Juma'a dai a bar mata shi tukun. Yanzu abin da nike nema mai gida da za shi koya mishi, shagon da ke ƙasa ba bene ba, kuma ƙofar ta isa keke ya shiga. In akwai wanda ya san irin wannan tsakanin Gidan Igwai da Runjin Sambo ya yi min magana, safe da marece ni zan riƙa kai shi in ɗauko shi.