Wai me ya sa masu haɗa gem ba sa jin maganarmu ne?

Sarkin_Baka:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu buga gem irin na takobi da sihiri da dodanni ina da tambaya, kuma a yi min uzuri don raina a ɓace nake rubutun nan. Akwai wani gem da nake bugawa a waya kusan shekara biyu kenan, ba zan kama suna ba, maharbi na zaɓa tun farko na raine shi tun yana lebul 1, datar da na ƙona a kansa Allah kaɗai ya sani, dare nawa na raba ina neman baka mai kyau. Jiya kawai suka saki apdet suka rage masa ƙarfi, dodon da da nake kayar da shi da kibiya uku yanzu sai na harba takwas yana kallona kamar sauro ne ya cije shi. Abin da ya fi ƙona min rai ma shi ne wata da watanni muna roƙonsu su ƙara mana gurbi a jakar kaya, kullum amsa ɗaya, wai tsarin ba zai ɗauka ba. Abin da muka roƙa ba a yi ba, wanda babu wanda ya roƙa shi aka yi. Raini ne ko kuwa da gaske akwai abin da ya fi ƙarfinsu?

Mai_Kod:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗan uwa, na san zafin. Ni ba gem nake haɗawa ba, manhajar waya nake yi, amma ciwon kusan iri ɗaya ne. Maganar jaka tukunna. Kai a ido kana ganin ɗan akwati ne kawai za a ƙara zanawa, to zanen ba shi ne aikin ba, duk abin da ke cikin jakarka a sabarsu, wato babbar kwamfutar kamfanin, yake ajiye ba a wayarka ba, kuma duk sanda ka fita daga gari ka shiga daji ko ka ɗauki wani abu sai an karanta an sake rubutawa, yanzu ka ninka gurbi 20 da yawan mutanen da ke ciki a lokaci ɗaya ka ga nauyin. In kuma tun asali an gina abin a kan iyaka kaza, taɓa shi kamar ka ce za ka ƙara hawa ɗaya ne a gidan da aka yi wa fandishon ɗin ɗaki biyu.

Ga misali wanda kowa ya gani. Baldur's Gate 3 na kamfanin Larian da ke Beljiyam ya fito a kwamfuta a watan Agustan 2023, na'urar gem ta PS5 ta samu a Satumba, masu na'urar Xbox ta Microsoft kuwa sai Disamba. Mutane suka yi ta zagi wai an sayar da su. Ashe matsalar ita ce raba allo biyu don mutum biyu su yi wasa tare, ƙaramar Xbox ɗin wato Series S memorinta 10GB ne, abin ya ƙi tafiya yadda ya kamata, sai da Microsoft suka yarda a cire wannan ɓangaren a kanta sannan gem ɗin ya fito. Kuma fa waɗannan mutane ne da suka saki gem ɗin tun Oktoban 2020 bai kammala ba, kusan shekara uku suna karɓar ƙorafi suna gyara, ba za ka ce ba sa jin magana ba.

Maharbinka kuma, kar ka ji haushina, ƙila da ma ya yi ƙarfi da yawa ne. Su suna ganin alƙaluman kowa, in suka ga kowa ya watsar da mai takobi da mai sihiri ya koma baka to dole a taɓa wani abu. Za ka ce me ya sa ba a ƙara wa sauran ƙarfi ba, to in an yi haka duk dodannin gem ɗin sun zama kaji, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya an sake auna su. Rage mutum ɗaya ya fi arha, shi ke nan.

Tsohon_Hannu:
Injiniya ka yi bayani amma kar ka wanke su tas haka, su ma suna tafka kuskure kuma wani lokacin girman kai ne zalla. Mu da muka fara tun zamanin kafe ana biyan kuɗin awa mun ga abubuwa. World of Warcraft ya fito 2004, shekaru suka yi ta tafiya ana canja shi har tsofaffin 'yan wasa suka ce a dawo musu da na asali. A BlizzCon na 2013, taron kamfanin Blizzard mai gem ɗin, wani ya miƙe ya yi tambayar, J. Allen Brack, ɗaya daga cikin manyan masu kula da gem ɗin, ya ba shi amsa a gaban jama'a cewa kuna zaton kuna so ne amma ba kwa so. Mutane suka koma wata sabar bayan fage mai suna Nostalrius inda ake buga na asalin, aka sa aka rufe ta a Afrilun 2016, hayaniya ta tashi. 2017 shi dai wannan Brack ɗin da bakinsa ya sanar da WoW Classic, wato World of Warcraft na asalin, da ya fito a Agustan 2019 layin shiga kawai sai mutum ya yi awanni yana jira. To wa ya fi sanin abin da ake so a nan?

Wanda na fi jinjina wa shi ne na Final Fantasy XIV. Ya fito Satumban 2010 a lalace, har kamfanin da ya yi shi, Square Enix, suka ba da haƙuri suka dakatar da karɓar kuɗin wata, a Disamba suka ɗora Naoki Yoshida a kan jagorancin gem ɗin. Shi ya ba da labari daga baya cewa tukunyar fulawa guda ɗaya a cikin gari an zuba mata aikin zane daidai da na mutum sukutum, shi ya sa allo ba ya iya nuna mutane sama da 20 a lokaci guda, a gem ɗin da aka yi don taron jama'a fa! Mutumin nan bai yi wa kowa ƙarya ba, ya ce wannan ginin ba ya gyaruwa da faci, suka ci gaba da lallaɓa tsohon suna gina sabo a gefe, ranar 11 ga Nuwamban 2012 suka jefo wani jan wata daga sama a cikin labarin ya tarwatsa duniyar aka kashe sabar. Sabon, mai suna A Realm Reborn, ya fito Agustan 2013. Har yau Yoshida yana zama kai tsaye yana amsa tambayoyin 'yan wasa, in abu ba zai yiwu ba ya faɗi dalili. Ni abin da ke ɓata min rai da irin naka ƙanina shi ne "tsarin ba zai ɗauka ba" ɗin nan a dunƙule, wane tsari, ta ina?

Gimbiya_07:
Baba Tsohon Hannu a gaishe ka, amma bari in kawo ɗaya gefen. Ni Old School RuneScape nake yi don wayata ba ta ɗaukar manya. Kamfanin Jagex na Ingila, masu gem ɗin, sun dawo da shi a 2013 daga wani tsohon kwafi na 2007, kuma suka ce sabon abu ba zai shiga ba sai an kaɗa ƙuri'a ya samu kashi 75, daga baya aka sauke zuwa 70. Daɗi ko? To sai ka zauna a ciki. Za a kawo abu mai kyau an sha wahala a kansa, mafi yawa sun ce eh amma bai kai ba, ya faɗi. Sabuwar sana'a sau nawa ana kawowa ana kayarwa, sai a 2023 ta tuƙin jirgin ruwa ta tsallake, shekara goma fa. Kuma kowa son ransa yake zaɓa, masu faɗa da sauran 'yan wasa su kawo buƙata, waɗanda ba sa son irin wannan faɗan su taru su ce a'a don kar a riƙa kashe su. Abin lura kuma, su kansu Jagex ɗin gyaran ƙarfin makami da ya wuce gona da iri ba sa saka shi a ƙuri'a, don sun san ba wanda zai ɗaga hannu a rage masa ƙarfi. Tsakani da Allah Sarkin Baka da an tambaye ka za ka yarda? hhhh

Dan_Kasuwa:
Duk kun bar asalin maganar wlh. Malam ka duba shagon cikin gem ɗin, in ana sayar da ƙarin gurbin jaka da kuɗi to tsari yana ɗauka, aljihunka ake jira. Gem na kyauta da me kuke so su ci abinci. Ku tuna Genshin Impact a 2021 da suka cika shekara ɗaya, mutane suka raina kyautar bikin da aka ba su suka yi wa manhajar ruwan tauraro ɗaya a Play Store, nan da nan sai ga ƙarin kyauta ta fito.

Mai_Kod:
Ɗan Kasuwa wannan kam ban musa ba, akwai irinsu. Sai dai kyauta lamba ce kawai za a canja a tura, minti nawa ne, jaka kuma ta danganta da yadda aka gina ta. Gwajinka dai yana da kyau, ya duba shagon.

Sarkin_Baka:
Na gode kwarai 'yan uwa. Gimbiya gaskiya da a'a zan danna har sau biyu in da hali. Na duba shago yanzu, ba sa sayar da gurbin jaka, amma akwai wani akwatin ajiya a gari da ake haya duk wata, to ban san a wane layi zan saka su ba. Na sauya wa maharbin kibiya zuwa mai guba, yanzu biyar yake kayar da dodon. Akwai wanda ya san ko cike fom ɗin ƙorafi na cikin gem ya fi isa gare su ko a zauren hirarsu na Discord zan rubuta? Cajina saura kashi 6, an ɗauke wuta tun la'asar.