Ya kuke koya wa ƙananan yara zama da abokai?

Maman 'yan biyu:
Assalamu alaikum iyaye, dan Allah ku ban shawara. Yarona ɗan shekara 3 indai yara suka zo wasa sai ya ƙwace duk abinda ke hannunsu, wanda ya hana shi ya ture shi, in nace ya bada haƙuri zai faɗa da baki amma ba a jima ba ya sake. Abin na damuna sosai don yaran sun fara gudunsa.

Malamar nazare:
Wa alaikumus salam 'yar uwa, kwantar da hankalinki ba mugunta bace. Ɗan shekara 2 zuwa 3 yawanci kusa da yara yake wasa ba tare da su ba, sai wajen shekara 4 yake fara gane cewa abinda ke ransa daban ne da na wani. Ni a aji bana fara cewa ba shi haƙuri, durƙusawa nake daidai tsayinsa ince kalli fuskar abokinka, ka ga hawaye? turewar da kayi ce tasa gwiwarsa ke zafi. Sai in tambaye shi me zamu yi masa ya ji sauƙi, wani ya ɗebo ruwa wani ya kakkaɓe masa riga, akwai wata yarinya da 'yar tsanarta take miƙawa mai kukan, da kanta fa ba wanda ya sa ta. Wannan yafi zama a ransu akan haƙurin dole.

Baban yara:
Gaskiya ne Malama. Nawa rigimarsu akan keke ce, sai na koma sa musu ƙararrawar waya, tana kaɗawa mai hawa ya sauka. Da farko kuka, yanzu su suke tuna min.

Kakar yara:
Ni ƙari ɗaya zanyi 'yata, kada ki tilasta masa bada abinda yafi ƙauna, kafin yara su zo ki bari ya ajiye shi sauran a yi wasa da su tare. Kuma ranar da ya miƙa wa wani abu da kansa ki nuna masa, kice ka ga yadda yake dariya saboda kai. Jikokina da haka suka sauko.

Maman 'yan biyu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka. Malama to in shi aka tura fa, shima haka zan yi da ɗayan yaron a gabansa?

Malamar nazare:
Eh haka, amma ki fara rarrashin naki tukuna, yaron da ke tsakiyar kuka baya jin bayani.